Yadda Ake Neman Aure a Kalfu da Agogo Mai Baki

Ya kai ɗan'uwa injiniya, kai da ke aiki a labon jami'a inda ake ƙera kayan asibiti, kai da ka tsaya kallon Mansura 'yar Kalfu tana haɗa wayoyi a teburin kusa da naka har ka ƙona yatsa da dalma: matso nan. Za ka je gaida mahaifinta, Malam Manzo, karo na farko. Tsohon nan ya taɓa korar wani ɗan duwan, jami'in kwastan mai mota sabuwa fil da ya zo neman aure, saboda ƙarya guda tak, kuma in ya ce a'a, magana ta ƙare. Amma kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, da alkawarin aure za ka dawo birnin Tawa.

1. Kada ka yi bayanin aikinka

Nan jama'a ke faɗuwa. In ka ce "labo", kafin ka rufe baki an kawo maka fitsari a kwalba. In ka ce "injiniya", za a jawo maka injin ban ruwa da ya mutu tun bara. Abokinka Issouf, mai binciken ƙafar roba, ya taɓa yin bayani a wurin suna, ga shi yau duk wanda ya gurɗe a unguwarsu ƙofarsa ake kai shi. Zalika kuwa, mai firigon sanyaya allurar rigakafi da ke aiki da hasken rana, har gobe gwaggonta na aiko mata a ba ta ƙanƙara.

Saboda haka rufe bakinka, ka tafi da aikin a hannu.

2. Ari agogon

Ari na ce, ka ji ni da kyau. Ina nufin agogon nan da kuke ƙera wa tsofaffin ƙauye, mai auna bugun zuciya ya faɗi sakamako da baki saboda wanda bai iya karatu ba. Ƙwaya ɗaya ne a duniya, kuma shugabar labo, Farfesa Salima, lallaɓa shi take kamar jariri. Jira ta shiga taro, ka ɗaura shi, ka saki hannun riga a kai. Ga ilimi kyauta: duk abin da aka fitar daga labo da niyyar mayarwa, sunansa gwaji a ƙauye.

Af, muryar da ke ciki ta Mansura ce, don ita ce mai Adaranci tsantsa, Hausar su Kalfu, a cikinku. Ƙaramin abu ne wannan, kada ya dame ka.

3. Ja Issouf ya raka ka

Cire takalmi tun daga nesa. Zauna a bakin tabarma, ido a ƙasa. In an kawo fura, kurɓa kaɗan ka ture, ko da yunwa na ƙwaƙwular cikinka. Issouf zai shanye sauran, dama abin da ya kawo shi ke nan.

4. Yi kamar da ƙyar ka san ta

Haka kunya ta tanada, kuma haka kowa ke yi. Tsoho zai gyara zama ya ce, "Yaro, ina kas san ɗiyata?"

Sunkuyar da kai ka ce, "Baba, daga nesa nike hangenta. Ko muryatta ban riƙe ba sosai."

Kyakkyawar amsa! Sai dai zuciyarka za ta buga ganga, agogo kuma aikinsa zai yi. Daga cikin hannun rigarka murya za ta fito tangaran: "Zuciyakka na gudu. Zamna ka huta."

A zaune kake, saboda haka ka riga ka bi rabin shawarar.

5. Kada ka gudu

Yi tari. Ƙara yin tari. Issouf zai lalubi aljihu ya ce wayarsa ce, Allah ya saka masa. Matse hannun a hammata in ka ga dama, ku da kanku kuka ƙara masa ƙarfin murya saboda masu nauyin kunne. Zai sake cewa, "Ja numfashi. Kada ka ji tsoro, ina nan tare da kai."

Daga bayan zana za ka ji mata sun fashe da dariya, wata har tana neman ruwa. Malam Manzo ba zai yi dariya ba. Zai ce, "Wagga murya, ni na yi mata huɗuba rad da anka haihe ta. Mi take yi cikin hannun rigakka?"

6. Faɗi gaskiya

Ban cika ba da wannan shawara ba, don ba fannina ba ce. Amma dabara ta ƙare. Naɗe hannun riga ka zazzage komai: teburinku ɗaya, tare kuke cin dambun kopto, na ganyen zogale, da rana, rabin aikin agogon nan ita ta yi shi, kuma ranar da ba ta zo ba ko waya ɗaya ba ka iya haɗawa daidai. Ka ce kana sonta, a gaban ubanta, ƙasa ba za ta tsage ba.

Kana yin shiru agogo zai ce, "Yawwa, ta kwanta. Madalla da kai."

Tsoho zai dube ka, ya dubi agogo, ya ce, "Abin ga ya riga ka gaskiya, amma ka kamo shi."

7. In ya miƙo hannu, ɗaura masa

Danna maɓallin tsofaffi. Murya za ta ce, "Sannu Baba. Zuciyakka lahiya lau. Ka sha ruwa, rana ta yi zahi."

Zai ce ka sake dannawa. Sake. Zai ƙara cewa ka sake, wannan karon a hankali. Tun da yarinyar nan ta tafi karatu Tawa gidan ya yi masa shiru, kewarta yake ji, bai taɓa gaya wa kowa ba. Matan bayan zana za su daina dariya. Kai ma idonka zai kawo ruwa, ka ce hayaƙin murhu ne.

Sannan zai rufe agogon da tafin hannunsa ya ce, "Turo magabatanka. Ɗiya na ba ka. Amma wanga nan shika zama. Ba ka kwashe mani su duka biyu."

Ka ce, "To, Baba." Babu wata amsa bayan wannan.

Sanarwa

Ni aure na yi maka alkawari, kuma ga shi ka samu. Abin da zai biyo baya a ofishin Farfesa Salima, da binciken shekaru da ya koma Kalfu da zama, da digirinka da ke lilo, duk babu hannuna babu ƙafata. In ta tambaye ni, ban san ka ba, ban san Issouf ba, wannan rubutu ma tsintarsa na yi. In kuwa agogonta take so, hanyar Kalfu a buɗe take, sai ta je da kanta ta kwance shi daga hannun tsohon. Ni dai a duk labon nan ban ga wanda zai iya ba.