Kyanwar Malam Hammadu Ta Yi Ƙaura

"…Gida lafiya lau, sai dai ɓarayi da suka addabe mu," in ji Malam Abarshi. Yana tsaye a tsakar gidan Furera da hantsi, an shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama.

"Allah ya tona asirinsu," Furera ta ce, tana ci gaba da feƙe alƙalaminta na kara. "Me suka ɗauka? Hankali dai na san ba a ajiye shi a gidanka."

"Kyanwar Malam suka ɗauka. Kuma an ce mini ɓarauniyar gajera ce, mai tawada a yatsa."

Furera ta dubi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ai masu tawada a yatsa suna da yawa a Birnin Gwari, sai dai ba dukansu ne ke gama abin da suka fara ba.

Maganar ta soke shi, don ta san inda ta nufa. Su biyun taubasai ne. Uwar Furera ƙanwar mahaifin Abarshi ce, marigayi Malam Hammadu, kuma a gabansa suka yi karatu tun suna yara, allo kusa da allo. Da Malam ya rasu bara da kaka, ya bar littattafai da buzu da wata farar kyanwa mai baƙin kunne, wadda ba ya zaman rubuta waƙa sai tana kwance a gefensa. Ranar sadakar arba'in Abarshi ya miƙe a gaban jama'a, ba wanda ya tambaye shi, ya ce shi zai yi wa mahaifinsa waƙar ta'aziyya da za a karanta in shekara ta zagayo. To, ga shekara ta zagayo. Dawa ta nuna, da an yanke ta dangi za su taho daga Kuyello da Damari, waƙa kuwa ko buɗewa ba ta wuce ba. Har Baffa, ƙanen marigayin, ya faɗa a ƙofar masallaci cewa in abin ya gagari ɗa, a ba 'yar ƙanwa.

Abin da ke hana Abarshi sukuni ke nan. Waƙoƙin wa'azin Furera mata na rera su a bakin dutsen niƙa, har matan Gwari masu kawo itace daga daji sun haddace amshin. Shi kuwa, ba basira ce ya rasa ba, bakinsa ne ba ya riƙe komai. Da baiti ya zo masa sai ya zari hula ya nufi kasuwa. Mahauci ya ce ya yi tsawo, maɗinki ya ce a sauya ƙarshen, leburorin hanyar mota su ce su dai ba su ji daɗin karin ba. Ya komo gida ya soke, ya sake sabon lale. Ga takarda ta yi wuya tun da yaƙin Turawa ya tashi, 'yar wadda ta rage masa kuma, da kyanwa ta ɓace, ɓeraye suka yi biki a kanta.

"Ba na son dogon zance," ya ce. "Ni ɗan namiji ne, ke 'yar mace. Baiwata ce ke tun ran gini, abin da ke hannun baiwa kuwa na ubangidanta ne. Fito mini da ita."

"Wane irin ubangida ne kyanwa ke gudunsa? Ni ban ɗauko ta ba, da ƙafarta ta tsallako katanga, ta yi sallama, na ce bismilla."

"Da man shanu kika yaudare ta. An ga Bafillatana tana shiga gidan nan kullum."

"Bafillatana tana shiga gidanka ma. Sai dai kai ka shanye nonon, ka karanta wa kyanwa baiti."

Abarshi ya ce shi yanzu ya gane komai. Waƙoƙin nan da ake ta yabonta a kansu, ba nata ba ne. Kyanwar ce ta haddace na Malam, take zuwa tana yi mata shifta. Furera ta ce ƙwarai kuwa, kuma ita kyanwar ce ta ba ta labarin cewa ta yi wata da watanni tana ƙoƙarin yi masa shiftar shi ma, bai yi shiru ya saurara ba. Ta ce baƙuwar ta zo da ƙara iri-iri: ba a barinta ta yi barci, a ɗauko ta daga inda take a dasa ta gefen buzu da ƙarfi, baƙo ya shigo a ɗaga ta sama a ce ga kyanwar Malam, kamar akuyar sayarwa.

"Ƙarya take yi."

"To, ka kai ta gaban alƙali. Ni zan yi mata tafinta."

Duk abin da ta lissafa kuwa ya yi shi. A ransa ya yi imani cewa in kyanwar ta kwanta inda take kwanciya a zamanin Malam, waƙar za ta zo. Ita kuwa da ya saki hannu sai ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta fice.

Ya dage sai ya gan ta da idonsa, don ya san yunwa ake ba ta a nan. Furera ta ajiye alƙalami, ta ce ya biyo ta, amma ya bar muryarsa a nan tare da takalmansa. Suka zaga bayan ɗakin girki. Can ƙarƙashin rumbu, cikin wani tsohon kwando, ga farar kyanwa a kwance, 'ya'ya jajaye-jajaye manne da cikinta, ko ido ba su buɗe ba. Ta ɗago kai ta dubi Abarshi, ta mayar, kamar ba a gidansa ta girma ba.

"Ciki gare ta?" ya ce a hankali. "Ni na zaci ƙiba ce."

"Malamin waƙa ke nan. Ka san abin da mahauci ke tunani, ba ka san abin da ke gefen buzunka ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, ta buge hannun. Ta ce in ya taɓa su, kafin azahar uwar za ta kwashe su ɗaya-ɗaya a baki ta sauya musu wuri, kuma ba mai sake ganinsu sai sun yi ƙwari. Ta ce ita kanta sai da ta kwana biyu tana jin kukansu kafin ta san inda suke.

"Me ya sa ba ta haihu a gida ba? Ga zaure, ga bayan littattafai."

"Da ta haihu a zaurenka, kafin la'asar ka zaga da su kasuwa. Mahauci ya ce a rage wa wannan wutsiya, maɗinki ya ce a sauya wa wancan kunne."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ya tsuguna a gindin rumbun, sai abin da ya daɗe yana ci masa rai ya fito, ba wasa a cikinsa.

"Malam ya fi son ki, Furera. Rubutunki yake ɗagawa ya nuna wa baƙi, ba nawa ba. Yanzu ga kyanwarsa ta zaɓe ki, gobe Baffa ya ba ki waƙarsa. Ni me ya rage mini, buzu?"

Furera ta mayar da idonta kan kwandon. Can ta ce Baffa ya riga ya aiko, kuma ta ce a ba ta zuwa Juma'a ta ba da amsa. Abarshi bai san maganar ta yi nisa haka ba.

"Ka tuna yadda Kawu ke yi?" ta ce. "Ya taɓa karanta maka baiti kafin ya gama waƙa? Ni dai bai taɓa karanta mini ba, kuma na sha laɓewa. Sai ya yi damina guda a ɗakinsa daga shi sai kyanwar nan. Kai kana ganin ita ke kawo masa waƙa. Ita kaɗai ya yarda ta gani ne, don ba ta ba da shawara."

Abarshi ya ƙara matsawa gindin rumbun. Yana kallon kwandon, uwar tana lasar ƙaramin cikinsu, tana juya shi da harshe ba gaggawa. Ya tuna bayan mahaifinsa a sunkuye, da ƙarar alƙalami a kan takarda, da yadda yakan tsaya a bakin ƙofa yana yaro ba a ce masa shigo ba, ba a kuma ce masa tafi ba. Sai ga baiti ya zo masa cif, da karinsa da komai, irin wanda bai taɓa samu ba duk shekarar nan. Ya miƙe zumbur.

"Furera, saurara. Yanzun nan wani ya zo mini. Cewa na yi…"

Ta juyo, ta zuba masa ido. Bakinsa na buɗe, ya dube ta, ya dubi kwandon, ya rufe bakin.

"Ina jin ka," ta ce.

"A'a."

"Faɗi mana. Ni ai ba mahauci ba ce."

"Kin fi mahauci iya yanka."

Ta ce ita wasa take yi ɗazu, ita da shi ai ba ɓoye-ɓoye, karatu ɗaya suka yi. Ta ce ta tabbata ma baitin gurgu ne, shi ya sa yake jin kunya. Ta ce in ya faɗa za ta ba shi ɗan kyanwa mafi kyau idan an yaye su. Abarshi ya ga yadda take matsowa, ya ga idonta, ya gane ba duka ne wasa ba: so take ta ji da gaske, kuma tana tsoron ya yi kyau. Tun suna yara bai taɓa ganin wannan a fuskarta ba. Daɗi ya kama shi har kunne.

"Baiwa, yi haƙuri," ya ce. "Bai buɗe ido ba tukuna."

Furera ta tsaya kallonsa, sannan ta fashe da dariya har ta dafa rumbu, kyanwa ta ɗago kai ta harare su. Ta shiga ɗaki, ta fito da takardu farare da ta daɗe tana tattali a cikin gafaka, ta danƙa masa duka.

"Ka ci, ubangida. Yau zan aika wa Baffa cewa waƙar Kawu tana da mai ita. Amma in na ji baiti ɗaya a bakin mahauci, zan zo in karɓe takarduna, in haɗa da buzun."

Ya soke takardun a cikin riga, ya saka takalmansa, ya kama hanyar bayan gari wadda ba ta bi ta kasuwa. Har ya fice daga zauren gidan yana jin muryarta daga tsakar gida tana cewa, "Abarshi, ko rabinsa?" Bai waiwaya ba.