Shuwakata da Gaisuwar Suruki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya fara taka gidanmu na Funtua ba. Har yau in na tuna sai gumi ya tsattsafo mini.

Shekarar da muka tare na dasa shuwaka a bakin rijiya, na hana kowa tsinkar ganyenta. So nake ta yi fure ta jawo ƙudan zuma, ko mangwaron gidan ya daina zubar da furensa a banza. Maiɗakina Hajara ta yi ta mita, wai ga shuwaka a gida tana sayen ganye a kasuwa. Na toshe kunne. Da rani kuwa ta yi fure fari fat, ƙudan zuma suka yi ta zuwa kamar gidan biki. (Har cika baki nake yi cewa sun san ni, ba sa harbina.)

To, Baba da zai ba ni 'yarsa, dalili ɗaya ya kawo: wai ni natsattse ne. Ranar da ya zo daga Ƙarfi na zura babbar riga, na yi wanka da turare, na shimfiɗa masa tabarma dab da shuwakar don ya ga aikina. Na durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

Nan na ji wani abu yana tafiya a gadon bayana. Kun dai san gaisuwar suruki: ba a ɗaga kai, ba a susa, ba a gaggawa. Baba kuwa ya shiga labarin girbin masara. Ni ina ta "Madalla, madalla," abin yana gangarowa.

A ƙugu ya harbe ni. Na daka tsalle, na ƙwala "Wayyo Inna!", na tuɓe rigar na yi jifa da ita, ta sauka a kan Baba. Na yi ta zagaya rijiya ina dukan bayana, Hajara na kicin tana dariya har da tari.

Baba ya zare rigar daga kansa a hankali, ya ninke ta, ya miƙo mini.

"Hajara ta ce sun san ka. Wannan ɗin baƙo ne, ko?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Mangwaron dai ya yi 'ya'ya, shuwakar ma tana nan. Amma na koyi tarbar suruki a zaure, ba turare. Shi kuwa har yau in zai aiko da gaisuwa, cewa yake a gaida masa natsattse.