Yadda Za Ka Koya Wa 'Yarka Turanci Alhali Ba Ka Jin Ko Ƙwaya Ɗaya

Kai uban da 'yarsa ta dawo daga makaranta ta dire masa littafin Turanci a cinya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari girmanka ba zai zube ba. Maƙwabcina Mai Faci ya gwada su a kan 'yar autarsa, shi da Turancinsa kaf bai wuce abin da ke rubuce a jikin taya ba.

1. Gyara zama

Kada ka karɓi littafin da rawar jiki. Wanke hannu tukuna, ka sa tabarau ko da na aro ne. Fara duba hoto don ka san ina ne sama. Mai Faci ya taɓa riƙe shi a juye, da Auta ta yi magana sai ya ce, "Gwada ki nake, in ga ko hankalinki yana nan."

2. Mayar da tambaya inda ta fito

Za ta karanta maka labari, tambayoyi su biyo baya: wa ya je kasuwa, me ya sa kare ya gudu. Lumshe ido kana gyaɗa kai. In ta ce, "Baba, mece ce amsar?" ka ce, "Ke me kika gani?" In ta faɗa, ka ce, "Kin tabbata?" Za ta koma ta sake karantawa da kanta. Malaman ma da ake biya ba su fi haka ba.

3. Kalma mai wuya

Ranar da ta nuna maka wata kalma doguwa kamar tiyon iska, kada ka yi gumi. Ɗaure fuska ka ce, "In na faɗa miki, gobe kin manta. Ɗauko ƙamus." In ta gano ma'anar, ka ce, "Yauwa, kin kusa." Kada ka taɓa cewa daidai ne, masani ba ya saurin gamsuwa.

4. Nahawu

Nan tari ne makaminka. Tana karanta jimlar da ta rubuta, ka yi gyaran murya duk inda ka ga dama. Yaro ba ya rasa kuskure, za ta nemo shi. In babu, ka ce ƙura ce.

Amma yi hattara da matarka. Ta Mai Faci takan leƙo daga kicin ta ce, "Malam, a kawo ruwa ne, ko Turancin ne ya shaƙe ka?" Kada ka tanka.

5. In abin ya yi kyau fiye da kima

Nan Mai Faci ya ga ta kansa. Auta ta zo ta ɗaya a Turanci, ta kuma shaida wa malamarsu cewa babanta ne yake koya mata. Malama ta ce a kira shi. Ya je cikin rigarsa mafi kyau, ta tare shi a gaban sauran iyaye da fara'a, ta kwararo masa Turanci kamar an buɗe famfo, sannan ta tsaya jiran amsa.

Ya yi tari, bai yi aiki ba. Ba malamar yake jin kunya ba, yarinyar da ke riƙe da hannunsa ce ba ya son ta gane.

Sai Auta ta ce, "Malama, Baba ba ya Turanci a waje. Ya ce fariya ce."

Malama ta yaba da tawali'unsa, har wani uba ya miƙo masa hannu.

Suka kama hanyar gida. Da suka zo bakin shagon facin, sai Auta ta ce, "Baba, in na gama nawa karatun, mu riƙa yin naka. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallon tayoyinsa, idonsa ya kawo ruwa. Can ya ce, "Da wuya?"

"Akwai wuya," in ji ta. "Amma ni ba na duka."

Gargaɗi

Babu ruwana da duk abin da ya biyo bayan matakan nan. In ka wayi gari zaune a benci, yatsanka mai baƙin mai yana bin layi, 'yar da ka haifa tana cewa "sake", kada ka nemo ni. Mai Faci ma yau bai samu zuwa hira wurina ba, Auta ta ba shi aikin gida.