Humrar Matata a Kejin Kowati

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta kusa mutuwa ba, don ita ta jefa ni cikin kejin kowati.

Shagon da nake aiki a unguwar Bagdadiyya ya rufe, saura min wata guda in samu sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya min, ko in kwashi iyali mu bar Jidda. Sai aka ce Ammi Salihu, wani dattijo Bahaushe haifaffen unguwar Ruwais, yana neman mai kula da dabbobin da ya tara a gonarsa ta bayan gari. Da na je ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ka san kowati?"

Na ce, "Kamar yunwar cikina, Ammi." (Wallahi tsuntsu na ɗauka.)

Ya ce, "Halas. Juma'a bayan la'asar ina da baƙi, ka yi musu bayani. In ka iya, ni ne kafilinka."

Na ci alwashin ko ana ha-maza-ha-mata sai na samu aikin nan. Kwana huɗu na duƙufa kan waya. Ashe dabbar nahiyar Amurka ce, ta ɗan fi kyanwa girma, ga dogon hanci mai juyawa, ga wutsiya mai zobe-zobe da take ɗagawa sama. Iri huɗu ce: mai farin hanci, ta Kudancin Amurka, da ƙanana biyu na kan duwatsu. Danginta rakun, mai baƙi-baƙi a ido kamar ya sha kwalli, da kinkaju. Na yi ta bita har matata Zainabu ta haddace ta fara yi min gyara.

Ranar Juma'a ta goge min farar jallabiya. Ita kuwa haihuwar Sudan ce, a wurinsu abin kunya ne miji ya je gaban manya ba ƙamshi. Ta tsayar da ni kan kasko ta turare ni, ta bi ni da humrarta a wuya, a hammata, a aljihu, har da zariyar wando. "Ba a gidana za a ce ka fita kana warin gumi ba," in ji ta.

Baƙi sun kai goma sha biyar, duk dattawa, kowa da finjalin gahawa. Ba wanda ya ce in shiga kejin. Ni da iyayina na buɗe na shiga, don a san gwani ya zo.

"Jama'a, kowati iri huɗu ce..."

Su ma guda huɗu ne a kejin. Ta farkon ta ɗaga hanci ta juya shi wajena. Kafin in kai iri na biyu ta hau ƙafata, ta cusa hanci a hammatata, ta jawo wutsiyarta tana gogawa. Sauran ukun suka biyo. Ɗaya a kafaɗa, ɗaya a aljihu, farata na keta jallabiya, ƙyat, ƙyat! Tsoro ya kama ni sosai, amma na tuna iƙama, na ɗaga murya: "Danginta kuwa, akwai rakun!"

Ta huɗun ce ta gama da ni. Ta bi ta inda rigar ta yage, ta kamo zariya ta ja. Wando ya sulale. Na cafe shi a gwiwa da hannu biyu, a sunkuye, kowati na zaune a ƙeyata, ina cewa, "Sai... sai kinkaju."

Wani dattijo ya ƙware da gahawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ammi Salihu ya share hawayen dariya ya ce, "Ya miskin, ba ka san suna haukan ƙamshi ba? Ko sabulu suka samu sai sun shafa a wutsiya. Amma wanda ya gabace ka, da ɗaya ta hau shi, wurgi ya yi da ita har ta karye. Kai ko hannu ba ka ɗaga musu ba. Yalla, kawo takardunka ranar Lahadi."

Na yi godiya, na ce ai tausayin dabba a jinina yake.

Shekara uku ke nan ina aikin, kuma duk baƙon da ya zo sai Ammi ya yabi haƙurina a gabansa. Har yau ban gaya masa cewa da hannuna a sake yake, da sun sha mari ba. Abin da na koya shi ne, wani haƙurin da ake yabo, mai shi wandonsa kawai yake riƙe.