Sabulu a Tankin Malam Ladan

"Lafiya lau, Kaka. Gajiya ta bi lafiya. To wai da wa nake gaisawa ne, da kai ko da ƙafafunka?"

Bushira ce ke maganar, tana durƙushe a ƙofar gidan kakanta a Ƙafin Maiyaki. Ƙafafu biyu kawai take gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura da aka lafta wa busasshiyar harawa har ta fi katangar gidan tsawo. Mai ƙafafun shi ne Malam Ladan, mahaifin mahaifiyarta, manomi ne da ke haɗawa da jigilar kaya. Ita kuwa malamar firamare ce a Bebeji, duk Asabar ɗin ƙarshen wata take zuwa gaishe shi, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun taɓa ba.

Daga ƙarƙashin motar murya ta fito. "Ki gaishe su da kyau, ja'ira. Su ne suka taka har Doguwa neman auren kakarki. Da ba su je ba, da yanzu babu wanda ya san da ke."

"Ai kuwa an ga alama sun sha tafiya. Wannan faso haka, ko gyaɗa aka shuka a ciki sai ta fito."

Malam Ladan ya jawo jiki ya fito, rigarsa duk ƙasa, hannunsa riƙe da guntun sabulun wanki.

Bushira ta tafa hannu. "Allah mun gode maka! Shekara nawa ina roƙon mutumin nan ya yi wanka, ashe kunya yake ji, sai ya shiga ƙarƙashin mota."

"Ni? Ni da na fara wanka da sabulu tun ubanki bai san hanyar rijiya ba?"

"Shi ne na ƙarshe ke nan."

"Na sake ki. Tashi ki koma Bebeji."

"Wannan shi ne saki na goma sha huɗu a bana. Bari in huta tukuna, sai in tafi gobe."

Ta miƙe tana dariya, sai ta tsaya cak. Ta ja hanci sau biyu, ta dubi motar, ta dubi sabulun.

"Kaka, wannan warin fa?"

"Wane wari? Turarena ne. Daga Makka aka kawo mini."

"A wane gidan mai na Makka? Fetur nake ji."

"Hancinki ne ya lalace. Mutumin da ya wuni yana shaƙar alli da warin yara sittin, ina zai bambance turare da fetur?"

Bushira ta zagaya bayan motar ta sunkuya. Ƙasar da ke ƙarƙashin tankin ta jiƙe ta yi baƙi, faɗin faifai. A jikin tankin kuma ga sabulu nan an shafa, sabo a kan tsoho, har ya yi tudu.

"Yoyo tankin nan yake yi."

"Da yake yi. Ɗan tsatsa ne ya huda shi, ramin ma bai kai bakin allura ba. Na toshe. Kowane direban ƙwarai ya san aikin sabulu."

"Tun yaushe kake toshewa?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Kullum?"

"Ke ba kullum kike shafa mai ba? Kin ji wani ya ce ki je gareji?"

"To wannan lemar ta ƙasa fa?"

"Ruwan lagireto ne."

"Lagireto a gaba yake, Kaka. Nan baya ne."

"Ƙofar gidan nan a gangare take. Gangarowa ya yi."

"Gaban motar ne a gangaren."

"To hawowa ya yi! Motata ce ko taki? Ruwanta yana zuwa inda ya ga dama."

Bushira ta zauna a kan benci ta dube shi. "Ina za ka kai harawar nan?"

"Tudun Wada, wurin Buba mai kiwon raguna. Luba matar kawunki ma za ta bi ni da jaririnta, za ta je ganin gida. Da wasu mata biyu na maƙwabta, su a sama za su zauna."

"A saman harawa."

"A'a, a saman gajimare. Ina kike so su zauna?"

"Kaka, tsaya ka ji. Yanzu da muna tahowa, muna wuce Kwanar Dangora kaɗan, muka tarar da ƙaramar mota ta ƙone ƙurmus a gefen titi, har lokacin tana hayaƙi. Direbanmu ya tsaya. Mai motar, wani Idris, yana zaune a kan kwalbati da takalmi ƙafa ɗaya. Da bakinsa ya ce mako uku yana jin warin mai, yana cewa sai ya samu sarari zai kai ta gyara. 'Ya'yansa biyu ta taga aka zaro su."

"Allah ya kiyaye gaba. Amma irin waɗannan motocin na zamani ne, roba ce da waya. Ko tsawa aka yi musu sai su kama."

"Da muka koma mota kowa ya kawo nasa. Wani ya ce tasa tiyon mai ne ya tsage yana ɗiga a kan salansa. Direbanmu ya ce ƙaninsa ma haka aka yi da shi a hanyar Doguwa, yana kunna mota sai wuta."

"Duk ba su da tarbiyya, motocin. Wannan da kike gani, kullum da asuba tana jin karatuna ta taga. Mota mai ilimi ce. Ta fi ɗalibanki."

"Ilimin bai hana ta fitsarin kwance ba."

"Ke! Ki iya bakinki, ta girmi uwarki. Motar nan ta taɓa ratsa dajin Falgore da taya uku. Ta taɓa tafiya daga Kiru har nan babu ɗigon mai a cikinta, don kunyata kawai."

"Ai dole ta saba tafiya ba mai, tunda rabinsa a ƙasa take zubarwa."

"Kuma man da nake saye ba irin na kowa ba ne. Mai sanyi ne. Ko a murhu kika zuba shi sai dai ya kashe wutar."

"To kira Shitu bakanike ya zo ya gani, ya shaida mana sanyin."

Malam Ladan ya haɗe fuska. "Kada ki ƙara ambata mini yaron nan. A gaban mutane, a bakin kasuwa, ya ce in sayar da ita ga 'yan gwangwan. Na rantse ba zai ƙara taɓa ko madubinta ba."

"Wane madubi? Guda ɗaya ne, shi ma da zare aka ɗaure."

Tana faɗar haka ta miƙa hannu ta tagar direba ta zare makullin, ta ƙulle shi a gefen mayafinta.

"Ɓarauniya! Jama'a ku zo, an aiko mini ɓarauniya daga Bebeji!"

"Ka yi ta ihu. Ka ce ruwa ne, ko? To mu gwada. In ruwa ne, ga makullinka, ni da kaina zan hau saman harawar in raka ka Tudun Wada ina yi maka waƙa."

"Waƙar ki bar ta, raguna za su ƙi cin harawar. In kuma ba ruwa ba ne?"

"Ka kira Shitu."

"Na yarda. Shirya hawa."

Bushira ta samo wani tsohon murfin kwano, ta kwarfo jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ta cika shi. Ta ɗauka ta yi nisa da motar, ta wuce bishiyar darbejiya har tsakiyar filin da ake sussuka, inda babu ko kara. Ta ajiye, ta koma ta wanke hannu da buta. Malam Ladan ya biyo ta yana taƙama, yana kaɗa kwalin ashana.

"Kaka, tsaya daga nan ka jefa. Kada ka matsa."

"Ni za ki koya wa ashana? Ni da na yi farauta da wuta a dutsen Doguwa?"

"Don Allah ka ja baya. Ba wasa nake yi ba."

"Mai gaskiya ba ya ja da baya ga ruwa."

Ya durƙusa a kan murfin kamar mai duba tsiron masara, ya ƙyasta. Tsinken bai ma kai ga ƙasar ba. Wuta ta yi fuu ta tashi har fuskarsa. Malam Ladan ya yi baya ya faɗi zaune daɓas, hularsa ta yi gefe guda, kwalin ashanar ya yi wani gefen.

"Kaka!" Bushira ta yi kansa a guje, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa. "Ka ƙone? Buɗe ido in gani. Kana ganina?"

"Ina ganinki. Ban taɓa ganin abu mai muni kusa haka ba."

Ta sauke ajiyar zuciya. Fatar ba ta taɓu ba, amma gefen gemunsa na dama ya nannaɗe ya yi ja, girarsa ɗaya ta tafi, ƙaurin gashi ya cika wurin. A kan murfin kuwa wutar tana ta ci, ƙasa zalla tana ci kamar an sa mata itace.

Malam Ladan bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya juya ya kalli motar, da tulin harawar da ke kanta, da baƙin da ke ƙarƙashinta. Daidai nan Luba ta fito daga zaure, goye da jaririnta, da ƙullin kaya a hannu.

"Baba, mun shirya. A sa kayan a gaba?"

"Tsaya nan, Luba." Muryarsa ta sauya. "Kada ki matso kusa da motar. Koma ciki ki sauke yaron, ba yau ba. Ki gaya wa matan nan su ma su haƙura. Kuma kada wadda ta fito da garwashi ta ƙofar nan, ko na turare ne."

Luba ta dubi fuskarsa, ta toshe baki da mayafi, ta juya ciki da sauri.

Bushira ta kawar da kai, kafaɗunta na motsi.

"Dariya kike yi?"

"A'a, Kaka. Sanyin man ne ya kama ni."

"Ba man ba ne. Ashanar ce mai ƙarfi."

"Haka ne. Ita ma daga Makka?"

Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi. Ya kakkaɓe riga, ya zaro waya daga aljihu, ya tsaya yana jujjuya ta.

"Ke ki kira shi. Ki ce wata baƙuwa ce ta ga motar ta ji tausayi."

"Rantsuwarka fa?"

"Madubi na ce ba zai taɓa ba. Ban ce tanki ba."

"To da kanka za ka kira. Haka muka yi."

Ya harare ta da girar da ta rage, ya danna. "Shitu? Ni ne. Kada ka yi mini dogon zance. Ka zo da kayan aikinka ka sauke tankin nan, ka duba tiyon ma gaba ɗaya. A'a, ba za ta zo ba, ko kunna ta ba zan yi ba. Kai za ka zo. Ka taho da mutum biyu a sauke harawa tukuna." Ya ɗan saurara. "In ka ƙara cewa gwangwan sai na haɗa ka da ubanka."

Ya kashe wayar ya shige gida. Bushira ta tsaya har wutar murfin ta mutu, ta ɗebo yashi ta rufe baƙin da ke ƙarƙashin motar. Can sai ga shi ya fito, ya naɗa rawani har haɓa ya rufe gemun, hannunsa riƙe da kwalbar zuma.

"Ungo. Ta Doguwa ce, ko kakarki ban ɗanɗana wa ba."

"Kaka, ni da aka saka?"

"Na mayar da ke. Amma kada ki ɗauka don kin yi gaskiya ne. Don ki cika bakinki da ita ne, kada labarin gemun nan ya isa Bebeji."

Bushira ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga kwalbar tana duba ta a hasken rana.

"Wannan ta rufe Bebeji. To mutanen Kiru fa? Ta can zan bi in koma."

Malam Ladan ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har rawanin ya warware ya zame, rabin gemun ya fito fili.

"Kin ci, ja'ira," in ji shi, yana share hawaye. "Shiga ki gaida kakarki. Amma ki bar ni in riga ki faɗa mata."