Gahawar Mambila a Kofin Shayi

Har zuwa ranar da surukina ya kawo mana ziyara daga Kona, kallon masanin gahawa nake yi wa kaina. Hujjata ita ce wani abokina a Mambila ya aiko mini da ita daga gonarsa, wadda ba ta san takin zamani ko feshi ba, sai kashin shanu da inuwar ayaba. Ya haɗo da 'yar tukunyar esfireso, wato ta dafa gahawa mai kauri da ƙarfi, da wani kofi kamar murfin kwalba, ya ce iyakar abin da ake sha ke nan.

Na dubi kofin, na ce wannan rowar Turawa ce. A gidana ba a ba suruki abu a murfin kwalba. Na yi ta ɗora tukunya ina juyewa har babban kofin shayi ya cika fal.

Matata ta ce, "Baban Ladi, anya bai yi yawa ba?"

Na ce, "Babu sinadari a ciki. Me zai yi masa?"

Baba ya shanye tas saboda kara. Mutumin da ko gaisuwa ba ya tsawaitawa, sai ga shi a tsaye yana zufa, yana ba mu tarihin rikicin gonarsa tun daga kan kakansa. Na tsayar masa da mai keke, ya ce a bar shi. Da ƙafa ya koma Kona, aka ce har ya zarce ƙofar gidansa bai sani ba.

Har yau in na je gaisuwa, surukata kan miƙo mini ruwa a murfin kwalba, ta ce, "Sha, ɗana. Mu nan da awo muke yi."