Kifin da Na Latsa da Yatsa

Ranar da surukina zai zo daga Beli, maiɗakina ta ce in sayo kifi mai tsoka, wanda ba zai dagargaje a miya ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai a bakin dam na girma.

A kasuwar Ƙaraye mai kifi ya nuna min tarwaɗa, ya ce, "Malam, ita ke jure tukunya." Na yi masa kallon tausayi. Na ɗauki wani mai araha a kwali, na latsa shi da yatsa irin na masana. Tauri kamar dutse! Ko kaɗan ban tuna daga ƙanƙara aka ciro shi ba.

Da aka kawo abinci, ina tsugune a gefe, surukina ya daɗe yana laluben miyar da cokali. Can ya tsamo ƙaya guda, ya ƙura mata ido, ya ce, "Allah sarki, da alama kifi ne."

Har yau, in na yi sallama a Beli, sai in ji daga ciki: "A shimfiɗa tabarma, Sarkin Ruwa ya iso."